Gansakuka, Funfuna da Ruwan Kwata: Tarihin Wanke Ruwa da Abin da Muke Ƙyama

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda dama karatu suka fi so.

Yau za mu yi magana ne a kan abubuwa biyu da kowa ya sani, kuma babu mai son ganinsu a gidansa: gansakuka da funfuna. Gansakuka ita ce koren nan da yake rufe kududdufi idan damina ta ja baya, ko yake fitowa a gindin randa da bakin rijiya. Funfuna kuma ita ce furfurar nan da take bin tuwon da ya kwana uku, ko burodin da aka manta a leda. To waɗannan biyun, yau akwai masana a ƙasashe da dama da suke haɗa su wuri guda don su wanke ruwan ƙazanta. Labarin yana da tsawo. Za mu taso daga Jakara, mu leƙa Chadi, mu je Ingila da Amurka, sannan mu dawo gida Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, mu ga me ya shafe mu a ciki.

KUDUDDUFI

Duk tsohon garin Hausa da ka sani, da ƙasa aka gina shi. Inda aka haƙi ƙasar tubali kuwa rami yake zama, damina ta zo ta cika shi. Asalin kududdufi kenan. Shi ya sa za ka ga yawan kududdufan gari yana tafiya ne da yawan gine-ginensa. Ruwan indararo can yake tafiya, ruwan wanka da wanke-wanke da yake fita ta kwata can yake ƙarewa. Da rani a shayar da dabbobi, a kwaɓa ƙasa a yi sabon tubali, yara su yi kamun kifi.

Baƙin da suka zo Kano a ƙarni na 19 sun rubuta abin da suka gani. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shiga Kano a 1824, ya yi bayanin wata babbar fadama da ta kusa raba birnin biyu, wato Jakara, da ramukan ruwa da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, ya kuma ce su ne suke sa garin rashin lafiya. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, shi ma ya ambaci Jakara da irin wannan koken. Ba ƙarya suka yi ba, ruwan da yake kwance yana kawo sauro da cuta. Amma akwai wani aiki da kududdufin yake yi wanda a lokacin babu wanda ya san shi, su da mutanen garin baki ɗaya.

Ga yadda abin yake. Idan ruwan kwata ya shiga kududdufi, dagwalon da yake da nauyi sai ya kwanta a ƙasa. Ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, wato bakteriya, sai su hau cin ragowar ƙazantar. Wajen cin nan suna buƙatar iskar oksijin, kuma suna fitar da iskar kabon da sinadaran naitirojin da fosfaras, irin waɗanda suke cikin takin zamani. Ita kuma gansakuka waɗannan su ne abincinta. Da hasken rana sai ta haɗiye su, ta saki oksijin, bakteriya su ɗauka su ci gaba da aiki. Ka ga cuɗe-ni-in-cuɗe-ka kenan. Ƙari a kan haka, da tsakar rana gansakuka tana sa ruwan ya koma mai kaifi irin na ruwan kanwa, wannan da zafin hasken rana suna kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Ƙwan tsutsar ciki kuma nauyinsa yake kai shi ƙasa.

Abin da ya taimaki kududdufin da shi ne, ƙazantar wancan zamanin mai ruɓewa ce. Majema da bagaruwa suke jima. Marina da baba da toka suke rini, kuma ko katsin da yake taruwa a gindin karofi ba zubarwa ake yi ba, ƙona shi ake yi a haɗa laso a shafe soro. Babu leda, babu batir, babu baƙin mai. Sannan mutane ba su kai yawan na yau ba.

Ko malamanmu na zaure sun san gansakuka. A littattafan fiƙihun Malikiyya, ruwan da launinsa ya canja saboda gansakukar da ta tsiro a cikinsa bai fita daga tsarki ba. Sai dai a kula, hukuncin alwala daban, lafiyar ruwan sha daban.

MATAN KANEM DA DIHE

Yanzu mu tsallaka gabas. Duk Bahaushe ya san kanwa, har muna ce mata uwar gami, kuma fatake sun daɗe suna kawo ta daga ƙasar Barno da yankin Tafkin Chadi, irin su ungurnu. To a arewa maso gabashin tafkin, a ƙasar Kanem, akwai ƙananan tafkuna masu ruwan kanwa. Kaifin ruwan ya yi yawa, yawancin halittu ba sa iya rayuwa a ciki. Amma akwai wata irin gansakuka da nan ne gidanta. Masana suna ce mata sifirulina, domin idan ka duba ta a madubin likita za ka gan ta a murɗe kamar igiya.

Matan Kanembu sun gaji sana'ar girbinta kaka da kakanni. Idan iska ta tara ta a bakin tafki, sai su shiga da ƙwarya ko kwano su yaɗe koren da yake sama. Su fito su yi ɗan rami mai faɗi a cikin yashi, su zuba. Yashi ya tsotse ruwan, koren ya rage a sama kamar kunu mai kauri. Rana ta busar da shi, a yanka shi gutsi-gutsi a kai kasuwa. Sunansa dihe, kuma miya ake yi da shi a ci da tuwon gero. A riƙe wannan dabarar ta yashi, za mu dawo kanta.

Turawa ba su san da wannan ba sai a 1940, lokacin da wani masanin tsirrai Bafaranshe, Pierre Dangeard, ya bincika wani gutsiren dihe da aka aika masa daga Chadi. Duniya tana cikin yaƙi, ba wanda ya kula. Sai a 1964 zuwa 1965 wani ɗan Beljiyam, Jean Léonard, yana cikin ayarin masu binciken Sahara, ya ga ana sayar da shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Da aka auna, sai aka tarar kusan kashi 60 cikin ɗari na busasshen nauyinsa, ko ma fiye, sinadarin gina jiki ne. Wake bai kai haka ba.

Daga nan aka tuna cewa mutanen Aztek na ƙasar Meziko ma sun yi irin wannan a Tafkin Texcoco. Bernal Díaz, ɗaya daga cikin sojojin Sifen da suka ci ƙasar a wajajen 1521, ya rubuta cewa ya ga ana sayar da wasu ƙananan dunƙule da ake yi da abin da ake yaɗowa daga tafki. A shekarun 1970 aka fara noman sifirulina na kasuwanci a wannan wurin. Yau ana sayar da ita a kwalba da tsada a kantunan Turai, alhali matan Kanem da suka riƙe sana'ar tun fil'azal a kasuwar ƙauye suke sayar da tasu.

LANDAN DA MANCHESTA

Mu koma kan ruwan ƙazanta. Kada ka ɗauka Turawa da tsabta aka haife su. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan, ta kashe mutum sama da 600. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗibar ruwa, sai ya ga kusan duk famfo ɗaya ne, na titin Broad. Daga baya aka gano rijiyar famfon tana dab da wani ramin masai da yake yoyo. Wannan labarin, duk wanda ya san yadda ake haƙa rijiya da shadda a gida ɗaya a garuruwanmu, ya kamata ya tsaya ya yi tunani.

A bazarar 1858 warin kogin Thames ya kai har 'yan majalisar Birtaniya sun kasa zama a zaurensu. Sai a lokacin aka saki kuɗi, injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. Amma magudana kwashe ƙazanta kawai take yi ta kai gaba, ba ta wanke ta.

A 1914, a birnin Manchesta, wasu masana biyu, Edward Ardern da William Lockett, suka nuna cewa idan ka riƙa hura iska cikin ruwan ƙazanta, kana dawo da dagwalon da yake cike da bakteriya cikin sabon ruwa, aikin da yake ɗaukar makonni zai ƙare cikin sa'o'i. Wannan dabarar ita ce manyan biranen duniya suke amfani da ita har gobe, har da matatar Wupa ta Abuja. Matsalarta ɗaya: injin hura iska ba ya son a ɗauke wuta. Kusan rabin lantarkin da irin wannan matata take sha, ko fiye, a hura iska yake tafiya. Idan wuta ta tafi ta daɗe, bakteriyar su shaƙe, matata ta koma kududdufi mai tsada. Kai da ka san halin wutarmu, ba sai an yi maka dogon bayani ba.

MUTUMIN DA YA MAYAR DA KUDUDDUFI ILIMI

A shekarun 1950, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wani injiniya mai suna William Oswald ya yi wata tambaya mai sauƙi: tunda gansakuka tana samar da oksijin kyauta da hasken rana, me zai sa a sayi lantarki don hura iska? A 1957 shi da malaminsa Harold Gotaas suka wallafa bincikensu a kan haka. Oswald ya tsara wani tafki marar zurfi, kamar santimita 30, mai zagaye irin filin sukuwa, da ake juya ruwansa a hankali don kowace ƙwayar gansakuka ta samu rabonta na rana.

A gefe guda kuma injiniyoyi suka gyara tsarin tafkuna masu bin juna. Na farko mai zurfi, mita 2 zuwa 5, inda dagwalo yake kwanciya ya ruɓe. Na biyu mita 1 zuwa 2, inda gansakuka da bakteriya suke aikin da muka faɗa. Na uku marar zurfi, inda rana take ƙarasa kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa yana shiga ta nan, ya yi makonni yana tafiya a hankali, ya fita ta can. Babu inji, gangare kawai. Farfesa Duncan Mara na Jami'ar Leeds ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa wannan tsarin shi ya fi dacewa da ƙasashe masu zafi. Nairobi tana da irinsa a Dandora. A nan gida, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Nsukka suna da irin waɗannan tafkunan.

Misali mafi ban sha'awa yana Indiya. A gabashin birnin Kolkata akwai fadama mai faɗin hekta 12,500, inda masunta da manoma suka daɗe suna jan ruwan kwatar birnin zuwa tafkunansu marasa zurfi. Rana da gansakuka su wanke ruwan, kifi ya ci gansakukar, ragowar ruwan a yi ban-ruwan shinkafa da kayan lambu. Wani injiniya, Dhrubajyoti Ghosh, shi ya fahimci abin da talakawan nan suke yi a farkon shekarun 1980, ya yi ta fafutuka kada masu filaye su cike wurin. A 2002 aka sa fadamar cikin jerin Ramsar na dausayin duniya masu muhimmanci.

KANO BAYAN ZUWAN MASANA'ANTU

To me ya faru a gida? Jima ta tashi daga bagaruwa ta koma sinadarin kuromiyam, wanda yake gama fata cikin kwana ɗaya ko biyu. Rini ya tashi daga baba ya koma galura. Masana'antu suka taru a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Ruwan Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara dam ɗin Jakara da ke Wasai a ƙasar Minjibir. Na Sharaɗa da Challawa kuma ya nufi kogin Challawa. A gefen waɗannan rafukan akwai masu lambu da suke ban-ruwan latas da kabeji da alayyahu, kuma kayan nan kasuwa suke zuwa. Masu bincike a Jami'ar Bayero da sauran jami'o'i sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, suna samun kuromiyam da dalma da sauran ƙarafa masu guba.

Doka kam akwai ta. Bayan da aka gano gubar da aka jibge daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a wannan shekarar, sannan a 2007 aka kafa NESREA. Doka ta ce masana'anta ta wanke ruwanta kafin ta sake shi. Amma kududdufin gargajiya ba zai iya da irin wannan ruwan ba, domin galura an yi ta ne don kada ta koɗe, ƙarfe kuma ba ya ruɓewa. A nan funfuna ta shigo labari.

SHIGOWAR FUNFUNA

Funfuna da yis ɗin burodi da laimar kwaɗi duk dangi ɗaya ne. Jikin funfuna zare ne siriri mai rassa, yana shiga cikin abin da take ci yana sakin ruwan narkarwa. Ɗan Adam ya daɗe yana morarta. A 1917 James Currie a Amurka ya gano cewa baƙar funfunar nan da take fitowa a jikin albasa, mai suna asfajilas naija, tana iya mayar da sukari ya zama sinadarin tsami irin na lemo, wanda yau yake cikin lemon kwalba da alewa. A 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin daga wata funfunar.

Akwai kuma wani jinsi da yake cin icce ya bar shi fari fat, yana marmashewa. A 1983 Ming Tien da Kent Kirk a Amurka suka ware sinadarin da wannan jinsin yake narka ƙashin icce da shi. Sai aka lura sinadarin ba ya zaɓe: yadda yake farfasa icce, haka yake farfasa galura iri-iri da wasu magungunan ƙwari. Ƙari a kan haka, bangon jikin funfuna yana kama ƙarafa irin kuromiyam su manne masa. Amma a fahimta da kyau, galura ana iya farfasa ta, ƙarfe kuwa matsar da shi kawai aka yi daga ruwa zuwa jikin funfunar. Dole a san inda za a kai wannan funfunar daga baya.

MATSALAR GIRBI

Yanzu mu zo inda gizo yake saƙar. Ka noma gansakuka a ruwan kwata, ta shanye naitirojin da fosfaras. Idan ka saki ruwan da ita a ciki, za ta mutu a rafi ta ruɓe, ta mayar da duk abin da ta ci. An yi ba a yi ba kenan. Sai ka cire ta tukuna aikin ya cika. Kuma idan ka cire ta, ka samu taki, ko abin haɗa iskar gas ta girki, ko mai.

Ka tuna matan Kanem da yashinsu? Su sun yi sa'a, sifirulina doguwa ce, tana sarƙewa da juna, tana tasowa sama, yashi ko ƙyalle ya isa ya tace ta. Amma irin wadda ta fi yawa a tafkin ruwan kwata, kamar kulorela, wadda ɗan ƙasar Holan Martinus Beijerinck ya fara warewa a 1890, ƙwaya ɗaya ce mulmulalliya. Silin gashin kanka ya fi ta kauri sau bakwai ko fiye. Za ta wuce ta ƙyalle kamar babu shi. Ba ta nutsewa da sauri, kuma ƙwayoyin suna ture juna, ba sa dunƙulewa. Ga shi a buɗaɗɗen tafki abin da ake samu bai wuce kamar rabin giram a lita ɗaya ba. Yi lissafi: kafin ka tara kilo ɗaya busasshe, sai ka tace lita 2,000, wato jarkar mai ruwa 80 masu cin lita 25.

Wannan matsalar tana cikin abin da ya hana ruwa gudu a babban shirin gwamnatin Amurka na samar da mai daga gansakuka, wanda aka yi daga 1978 zuwa 1996. Masana sun ƙiyasta girbi kaɗai yana cin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kuɗin noman. Injin juyawa mai tace ta yana shan wuta. Ana iya zuba alif, kamar yadda iyayenmu mata suke yi idan ruwa ya gurɓace, ya tattara dattin ya kai ƙasa. Yana aiki, amma sai ka saya kullum, kuma yana ɓata gansakukar da ka girba. Garin ƙwallon zogale ma yana yin irin wannan aikin, matan karkara a Sudan sun daɗe suna tace ruwan kogin Nilu da shi.

Amsar da ake gwadawa yanzu, Allah ya riga ya ajiye misalinta a jikin dutse. Idan ka hau duwatsun Kazaure ko na Roni, ko ka duba bawon tsohuwar bishiya, za ka iya ganin wasu dabbare-dabbare masu ruwan toka ko ɗorawa manne da su. Tun a shekarun 1860 wani masani ɗan Suwizalan, Simon Schwendener, ya ce wannan abin halittu biyu ne suke zaman tare: funfuna ta yi gida da zarenta, gansakuka ta zauna a ciki tana dafa musu abinci da hasken rana. Da farko abokan aikinsa ba su yarda ba, daga baya ta tabbata.

A 2012 masu bincike a Jami'ar Minesota ta Amurka, cikinsu har da Jianguo Zhang da Bo Hu, suka nuna cewa idan ka raini asfajilas a ruwan da ake girgizawa, zarenta yana nannaɗewa ya zama ƙananan ƙwallaye kamar ƙwayar dawa ko wake. Idan akwai kulorela a ruwan, sai ta maƙale a jikin ƙwallayen. Ruwan da yake kore shar sai ya washe, ƙwallayen su koma kore, kuma rariya ta isa ta tsame su. A gwaje-gwajen ɗakin bincike ana kama sama da kashi 90 cikin ɗari ta wannan hanyar. Sannan su biyun a haɗe sukan rage ƙazantar ruwan fiye da kowanne shi kaɗai, domin funfuna tana fitar da iskar kabon da gansakuka take so, gansakuka tana ba ta oksijin.

Sai dai kada mu yi saurin guɗa. Funfuna tana son sukari ko wani abinci makamancinsa, wannan kuɗi ne. Tana son ruwa mai ɗan tsami, alhali tafkin gansakuka ruwansa mai kaifin kanwa ne. A buɗaɗɗen tafki kuma wasu halittun suna shigowa su yi mata kutse. Shi ya sa har yanzu yawancin aikin a kwalaben ɗakin bincike da ƙananan tankunan gwaji yake.

GARGAƊI GUDA BIYU

Na farko, ba kowace gansakuka ce dihe ba. Akwai irin da take sakin guba mai lalata hanta. A 1996, a garin Caruaru na ƙasar Barazil, masu wankin ƙoda sama da 50 sun rasu saboda ruwan da aka yi musu aiki da shi ya fito ne daga dam mai irin wannan gansakukar. Tafasa ruwa ba ya kashe wannan gubar. Idan ka ga ruwa ya yi kore kamar an zuba fenti, kada ka sha, kada ka shayar da dabba. Kuma gansakukar da aka noma a ruwan kwata ba abincin mutum ba ce, wadda ta sha ruwan masana'anta kuwa ko dabba ba a ba ta.

Na biyu, dangin asfajilas akwai mugu a cikinsu. A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A nan aka gano gubar afalatoksin, wadda wata asfajilas mai bin gyaɗa da masara take fitarwa, kuma tana jawo kansar hanta. Manoman gyaɗa na yankinmu wannan ya shafe su kai tsaye: a busar da kyau, kada a adana da danshi. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda shi ma funfuna ce irin wadda ba ta da guba, ake watsawa a gona ta kori mai gubar. Saboda haka kada wani ya ce zai raini funfuna a gida ya zuba a rijiya. Wannan aikin masana ne.

MU DAWO GIDA

Tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, garuruwan da suka zama hedikwatar ƙananan hukumomi suke ta faɗaɗa. Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu, ga dam ɗin Muhammadu Ayuba a gefen gari. Babura ta samu jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Ɗalibai da ma'aikata suna ƙaruwa, gidaje masu banɗakin zamani suna ƙaruwa, ruwan da ake zubarwa yana ƙaruwa. Tambayar ita ce, ina yake tafiya? Idan motar kwasar masai ta cika, ina take juyewa? Kuma a ƙasa mai yashi, inda ruwa yake saurin nutsewa, mita nawa ne tsakanin shaddarka da rijiyar maƙwabcinka? Ƙa'idar da hukumomin agaji suke bi ita ce aƙalla mita 30.

Wannan ba zancen nishaɗi ba ne. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma Jigawa da Kano suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A 2022 kuma ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa. Duk kududdufin da aka cike da shara aka yanka fuloti, ruwan da yake zuwa can bai fasa zuwa ba, ɗakin wani zai shiga.

Abin da tarihin nan yake nuna mana shi ne, abubuwan da tsarin tafkuna yake buƙata muna da su: rana, zafi da fili. Ƙaramar hukuma ko makarantar kwana ko babban asibiti suna iya ware fili a bayan gari, ta gefen da iska ba ta kaɗowa cikin gari, a haƙa tafkuna uku masu bin juna, a daɓe gindinsu da yumɓu don kada su zurara cikin ruwan ƙasa, a kewaye su da waya saboda yara da dabbobi, a riƙa cire ciyawar baki saboda sauro da katantanwar da take ɗauke da tsargiya. Ruwan da ya fita a auna shi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 na ban-ruwan kayan lambun da ake ci ɗanye shi ne kada ƙwan tsutsar ciki ya wuce ɗaya a lita. Tafkunan da aka tsara da kyau suna cimma wannan. Mai lambu ya samu ruwa da taki a lokaci guda, mai cin latas ya tsira.

Ga ɗalibanmu kuma, musamman na Kazaure da Babura da Dutse da Kano masu neman abin da za su yi furojet a kai, ga aiki a ƙofar gida. Wace irin gansakuka ce a kududdufan Gwiwa da Roni, mai guba ce ko marar guba? Garin zogale nawa ake buƙata a girbe ta, idan aka kwatanta da alif? Ruwan gasara da ake zubarwa, ko dusa, za su iya maye gurbin sukarin da funfuna take so? Wanda ya amsa ɗaya daga cikin waɗannan da awo na gaskiya ya yi wa yankinsa aiki.

A nan za mu dakata a yau. Ku gaya mana a sashen sharhi: kududdufi nawa ka taso ka gani a unguwarku, kuma nawa suka rage? Ina ruwan kwatarku yake ƙarewa? Ku tura wa wanda kuke ganin zai amfana, musamman kansiloli da ma'aikatan lafiya da duba-gari. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.